Frankie Knuckles: DJ ɗin da ya yi wa waƙoƙin wasu sabon zubi har duniya ta koma rawa da su

A watan Yunin 2023, Majalisar Birnin Shikago da ke Amurka ta amince da shigar da wani tsohon gini mai hawa uku, mai lamba 206 a titin South Jefferson, cikin jerin gine-ginen tarihi waɗanda ba a rushe su ko a sauya musu fuska sai da izinin hukuma. Ginin ba shi da wata ƙawa ta a zo a gani. An gina shi a farkon ƙarni na 20 domin harkar masana'anta, daga baya aka mayar da shi ofisoshi. Ba a taɓa ƙulla wata yarjejeniyar ƙasa a cikinsa ba, babu kuma shugaban da aka haifa a ciki. Abin da 'yan majalisar suka ga ya cancanci kariya shi ne wasu shekaru biyar, daga 1977 zuwa 1982, lokacin da wani matashi mai suna Frankie Knuckles yake tsayawa gaban na'urorin juya faifai tun daga tsakar daren Asabar har hantsin Lahadi, yana haɗa waƙoƙin da ba shi ya rubuta ba, ba kuma shi ya rera ba.

Sunan wurin a wancan lokaci Warehouse, wato sito. A ruwayar da ta fi rinjaye, daga wannan suna aka yanko kalmar House, wadda ta zama sunan wani nau'in kiɗan rawa da ya mamaye Turai, ya sauka Afirka ta Kudu, ya haifi 'ya'ya da jikoki. Ɗaya daga cikin jikokin shi ne Amapiano, wanda duk mai halartar liyafar biki a Abuja a 'yan shekarun nan ya ji amonsa, ko yana so ko ba ya so.

Knuckles ya rasu a 2014, amma har yau masu sana'ar DJ suna jayayya a kan wanne ya fi a cikin haɗe-haɗensa. Jayayyar tana da amfani, domin bin waɗannan ayyuka yana nuna yadda mutum zai sa hannu a aikin wani ya canza masa makoma, da kuma yadda suna da kuɗi kan bi wata hanya daban da wadda gumi ya bi.

Me ake nufi da haɗi?

Wanda bai san sana'ar ba yakan ɗauka aikin DJ bai wuce danna maɓalli ba. A zamanin faifan garmaho, DJ yana tsayawa ne tsakanin na'urorin juya faifai biyu. Ɗaya tana yi wa jama'a kiɗa ta lasifika, ɗayar kuwa shi kaɗai yake jin ta a kunne. Kowace waƙa tana da saurin bugunta, kuma waƙoƙin rawa na wancan zamani yawanci suna kai-komo ne a wajen bugu 120 a minti ɗaya. Aikinsa shi ne ya rage ko ya ƙara gudun faifai na biyu har gangarsa ta faɗa daidai kan gangar na farko, sannan ya shigo da shi sannu a hankali, ta yadda mai rawa ba zai san inda wata waƙa ta ƙare wata ta fara ba. Idan ya kuskure ko da ƙiftawar ido, gangunan biyu sai su yi karo kamar dawakin da suka rikice a filin sukuwa, kowa kuma zai ji.

Mutumin da aka fi danganta wannan dabara da shi shi ne Francis Grasso, wanda ya yi aiki a wani gidan rawa na New York mai suna Sanctuary tun daga ƙarshen shekarun 1960. Cikin faya-fayan da ya fi dogara da su akwai Drums of Passion na Babatunde Olatunji, makaɗin ganga ɗan garin Ajido kusa da Badagry. Bayan 'yan shekaru, Soul Makossa ta Manu Dibango na Kamaru, wadda ta fito a 1972, ta fara tashe a gidajen rawan New York kafin gidajen rediyo su ankara, daga nan ta shiga jadawalin waƙoƙin Amurka. Ke nan akwai gangar Afirka a tubalin sana'ar tun ranar gini.

Wannan shi ne haɗin kai-tsaye, wanda ake yi a gaban jama'a, ya kuma ɓace da wayewar gari. Akwai wani daban, inda ake yanka waƙa a tsawaita wani sashe a zubar da wani. Sai kuma wanda 'yan sana'ar ke kira rimiks, inda kamfani ke miƙa wa mutum muryar mawaƙi da sautin kowane kayan kiɗa a ware, ya sake gina waƙar yadda ya ga dama. Knuckles ya ratsa dukkan ukun, a jere kuma kamar yadda aka lissafa su.

Reza, salatif da zare

An haife shi a unguwar Bronx ta New York ranar 18 ga Janairu, 1955, sunansa na yanka Francis Warren Nicholls. Ya karanci zanen yadi, amma dare ya fi jan hankalinsa. Ya koyi sana'ar tare da amininsa Larry Levan, suna yaran gida a wurin Nicky Siano mai gidan rawan Gallery. Da Robert Williams ya tashi buɗe Warehouse a Shikago, Levan ya fara nema. Levan ya ce ba zai bar New York ba, ya nuna abokinsa. Knuckles ya isa Shikago a 1977 yana da shekara 22.

Warehouse ba mashaya ba ce. Ba a sayar da giya a ciki, ruwa da lemo da 'ya'yan itace ake ajiyewa, shi ya sa dokar lokacin rufe mashaya ba ta hau kansa ba, ake iya kwana ana rawa. Da farko sai mai katin zama mamba ke shiga. Akasarin masu zuwa matasa ne baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, da yawansu masu neman jinsi ɗaya, mutanen da manyan gidajen rawan birnin ba sa maraba da su.

Shekara biyu da zuwansa, kasuwar da yake ci daga gare ta ta durƙushe. Ranar 12 ga Yuli, 1979, wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya jagoranci taron fasa faya-fayan disko a filin wasan besbol na Comiskey Park da ke birnin. Duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga a kan santi 98. Aka tara faya-fayan a tsakiyar fili aka tarwatsa su da nakiya, dubban matasa suka ɓalle cikin filin, har aka soke wasa na biyu da aka shirya yi a daren. Vince Lawrence, wanda a lokacin yaro ne mai nuna wa 'yan kallo wurin zama, daga baya kuma ya zama ɗaya daga cikin magina kiɗan House, ya sha bayyana cewa da yawa daga faya-fayan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙar fata ne kawai. Ba a daɗe ba manyan kamfanoni suka janye kuɗinsu daga disko.

Sai Knuckles ya wayi gari da ɗaruruwan masu rawa kowane mako, ga kuma sababbin faya-fayai sun yi ƙaranci. Ya koma kan tsofaffin da yake da su, musamman na kamfanonin Philadelphia International da Salsoul, ya haɗa da waɗanda ake shigowa da su daga Italiya da sauran ƙasashen Turai. Da taimakon abokinsa Erasmo Rivera, mai karatun injiniyan sauti, ya riƙa kwafe waƙoƙi a kan na'urar naɗar sauti mai manyan naɗe-naɗen zare. Aikin na hannu ne zalla. Ana jan zaren gaba da baya har a ji daidai inda ganga ta faɗi, a yi alama da fensir mai maiƙo, a yanke da reza, a liƙe da salatif. Idan zaren yana gudun inci 15 a daƙiƙa, waƙar kuma tana bugu 120 a minti, to kowane bugu ɗaya inci 7 da rabi ne na zare. Mai son ya maimaita wani sashe mai daɗi sau huɗu sai ya kwafe shi sau huɗu, ya jera, ya liƙe. Kuskuren rabin inci ya isa ya sa ƙafar mai rawa ta yi tuntuɓe.

Waƙar da ta fi amfana da wannan reza ita ce Let No Man Put Asunder ta First Choice, ƙungiyar mata 'yan Philadelphia wadda Rochelle Fleming ke ja wa baki. Ta fito a 1977 cikin kundinsu Delusions, ba ta kuma yi wani tashe ba. Knuckles ya lura cewa ƙarfinta yana can ƙarshe, a inda kaurin jita ke tafiya shi kaɗai da ganga, Fleming kuma ta bar rerawa ta koma magana kamar mace mai yi wa mijinta faɗa a tsakar gida. Ya ɗauko wannan wuri ya ba shi fili, ya riƙa dawowa kansa. Waƙar da kamfani ya binne a cikin kundi ta zama taken Warehouse. A 1983 Salsoul ya sake fitar da ita a babban faifai mai inci 12, da zubin Shep Pettibone da na Knuckles. Tun daga nan masu haɗa kiɗa ba su daina yankar muryar Fleming suna sawa a nasu ayyukan ba.

Abin da faifan bai iya ɗauka ba shi ne yadda ake jin ta a cikin ɗakin. Waɗanda suka halarta suna ba da labarin yadda a tsakiyar dare yakan kashe fitilu gaba ɗaya, ya saki ƙarar jirgin ƙasa mai gudu ta lasifikoki, har mutane su ji kamar jirgin zai ratsa ta kansu, sannan ya dawo da ganga.

Waƙar da ta shekara ba ta da faifai

A ƙarshen 1982 ya bar Warehouse, ya buɗe nasa wurin mai suna Power Plant. Williams ya ɗauko Ron Hardy zuwa sabon gidansa, Music Box, inda aka riƙa kiɗa mai zafi da ƙara fiye da na Knuckles, gasar da ke tsakanin gidajen biyu kuma ta yi wa birnin amfani. A wannan lokaci ne wani matashi daga Detroit, Derrick May, ya sayar wa Knuckles injin ganga ƙirar Roland TR-909. Ya riƙa kunna shi a ƙarƙashin tsofaffin waƙoƙi domin ya ƙara musu nauyi. Matasan da ke rawa suka gane cewa da irin wannan inji da ƙaramin fiyanon lantarki, mutum zai iya yin waƙar rawa a ɗakin kwanansa ba tare da ƙungiyar makaɗa ba. A 1984 Jesse Saunders ya fitar da On and On, wadda da yawa ke lissafawa a matsayin faifan House na farko.

Cikin waɗannan matasa akwai Jamie Principle, yaro mai kunya wanda ya tashi a majami'a yana kuma sha'awar mawaƙi Prince. Ya rubuta wata waƙar soyayya, Your Love, ya naɗe ta a gida, kaset ɗin ya isa hannun Knuckles ta hanyar wani abokinsu. Knuckles ya yi fiye da shekara yana saka ta daga zare, babu faifai a kasuwa. Jama'a suka haddace ta, kwafe-kwafen kaset suka yi ta yawo hannu zuwa hannu, wasu ma suka ɗauka wani Bature ne ya yi ta a Turai.

Sirrin waƙar yana cikin buɗewarta. 'Yan sautuka uku ne ke zagayawa a kan ganga mai tafiya huɗu-huɗu, saboda haka ba sa komawa wuri ɗaya da ita sai bayan sun yi zagaye da yawa. Kunnen da ya saba da yadda kalangu ke saɓa wa babbar ganga ba zai ji wannan baƙo ba. Bayan haka kauri ya shigo, muryar kuma ta makara da gangan. Wannan jinkiri shi ne hatimin Knuckles, kuma za a sake ganinsa a kusan duk aikinsa mai kyau.

A nan ne batun haƙƙi ya fara rikicewa. Faifan farko ya fito a 1986 a wani ƙaramin kamfani, Persona, da sunan Principle. A 1987 kamfanin Trax ya fitar da zubin da Knuckles ya yi aiki a kai, sunan Knuckles kuma shi ne ya fito a gaba. Wannan zubi ne duniya ta sani. Daga baya aka ɗora muryar Candi Staton a kan kiɗansa, aka samu You Got the Love, wadda ta kai mataki na 4 a jadawalin Birtaniya a 1991. A 2004 Your Love ta shiga wasan kwamfuta na Grand Theft Auto: San Andreas, miliyoyin yara suka ji ta. A wannan karon, sabanin yadda aka saba, mai haɗi ne ya samu suna, marubucin ya koma inuwa. Adalci ya sa a faɗi cewa su biyun sun ci gaba da aiki tare, har suka sake naɗar waƙar a shekarun Knuckles na ƙarshe, sunan Principle a jiki.

Shi kuwa Trax, wanda Larry Sherman ya jagoranta, ya yi ƙaurin suna wajen narka tsofaffin faya-fayai ya buga sababbi da su, har mai saye ya riƙa jin ƙaiƙayi a cikin sautin. Mawaƙa sun shafe shekaru suna kukan cewa ba su ga ladan aikinsu ba. A 2020 Larry Heard da Robert Owens suka kai kamfanin kotu, a 2022 kuma suka karɓo haƙƙin waƙoƙinsu. A wannan shekarar wasu da dama, cikinsu har da Marshall Jefferson da Vince Lawrence, suka shigar da tasu ƙarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: shekara fiye da 30 aka yi kafin maganar ta isa gaban alƙali.

Najeriya ta san irin wannan ƙulli. Haɗe-haɗen DJ da aka riƙa bugawa a kasuwar Alaba ta Legas a shekarun 2000 sun ɗaga mawaƙa da yawa, alhali a idon doka suna tsaye ne a kan dukiyar wasu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar ikon sauya fasalin aiki a hannun mai shi. Wanda ya yi wa waƙa sabon zubi ba da izini ba ya shiga gonar wani, ko da zubinsa ne ya sa aka san waƙar.

Lokacin da kamfanoni suka fara kira

A watan Janairun 1987, Jack Your Body ta Steve Hurley, ɗan Shikago, ta hau mataki na ɗaya a Birtaniya. Kiɗan da aka haifa a sito ya zama kasuwa. Knuckles ya yi ɗan zama a Landan, sannan ya koma New York, inda ya haɗu da David Morales da Judy Weinstein a kamfanin Def Mix. A nan ne aikin ya sauya kama. Maimakon a tsawaita abin da ke akwai, sai a riƙe muryar mawaƙi kaɗai, a zubar da duk kiɗan, a kira masu fiyano irin su Eric Kupper da Terry Burrus da Satoshi Tomiie a gina sabo daga tushe. A al'adar masana'antar, mai irin wannan aiki kuɗi ake biyansa sau ɗaya, ladan da waƙar za ta ci gaba da kawowa kuma na marubuci ne da kamfani. Duk hadimin da ya taɓa karɓar jawabin maigidansa da daddare, ya zubar da rabi, ya sake jera sauran, washegari aka tafa wa maigidan, ya san ɗanɗanon wannan aiki.

A 1989 ya fitar da Tears tare da Tomiie, matashin mai fiyano da ya gamu da shi a Japan, Robert Owens kuma ya rera. A shekarar ce ya taɓa Ain't Nobody ta Rufus da Chaka Khan, waƙar 1983 da kowa ya haddace. A zubin da aka sa wa suna Hallucinogenic, ya yi abin da ba kowa zai yi ƙarfin halin yi ba. Yana riƙe da ɗaya daga cikin manyan muryoyin Amurka, amma ya rage ta ƙwarai, ya bar kiɗan yana shawagi a hankali, muryar tana leƙowa tana komawa. Masu sauraron da suka zo jin Chaka Khan za su iya jin an cuce su. Masu sana'ar kuwa suna ajiye wannan zubi ne domin goshin asuba, lokacin da ƙafafu suka gaji amma ba wanda ke son tafiya gida.

The Whistle Song ta 1991, daga kundinsa Beyond the Mix, ita ce ta fi kai sunansa gidajen da ba a zuwa rawa. Ta hau saman jadawalin kiɗan rawa na mujallar Billboard. Waƙa ce mai daɗi, mai sarewa kamar fito, amma ita ce mafi sauƙin nauyi a cikin manyan ayyukansa.

Wanda ya fi su duka, idan har dole ne a zaɓa, shi ne abin da ya yi wa The Pressure ta Sounds of Blackness a wannan shekarar. Sounds of Blackness babbar ƙungiyar mawaƙa ce daga jihar Minnesota mai salon waƙoƙin majami'a, Jimmy Jam da Terry Lewis ne suka shirya musu kundin, kuma asalin waƙar yana da ganga mai kaifi irin ta rediyon wancan lokaci. Knuckles ya cire gangar daga farko baki ɗaya. Zubinsa yana buɗewa da fiyano shi kaɗai, sai muryar Ann Nesby ta shigo a natse, tana hawa sannu a hankali, sai sauran mawaƙa su amsa mata. Ana ɗaukar lokaci mai tsawo a haka babu abin takawa.

Sai mutum ya san gidan rawa zai gane girman kasadar. Babban tsoron kowane DJ shi ne ganga ta tsaya, domin da zarar ta tsaya mutane sukan tuna da ƙishirwa, da agogo, da hanyar gida. Knuckles ya yi caca da cewa idan muryar ta isa, jama'a za su tsaya cak su jira, kuma jiran zai sa saukar gangar ta fi ƙarfi. Haka ya kasance. Lokacin da bugun ya iso, ba a jin sa a matsayin farkon waƙa, ana jin sa kamar ruwan farko bayan doguwar bazara. Mutumin da ya koyi sana'a ta hanyar hana kiɗa tsayawa shi ne ya gano amfanin tsayar da shi. Ya sha kwatanta gidan rawa da wurin ibada na waɗanda aka kora daga sauran wurare, kuma a wannan zubi ne aka fi jin abin da yake nufi.

Daga nan manyan sunaye suka yi layi: Diana Ross, Luther Vandross, Toni Braxton, Michael Jackson. Zubin da ya yi wa Rock With You ta Jackson a tsakiyar shekarun 1990 an sa masa suna Frankie's Favorite Club Mix, wato wanda shi kansa ya fi so. A watan Fabrairun 1998, lokacin da masu ba da kyautar Grammy suka buɗe rukunin gwarzon mai sabon zubi, shi ne ya fara karɓa. Morales ya karɓa a shekarar da ta biyo.

A daidai waɗannan shekaru, matasan Johannesburg suna sayen faya-fayan House daga Amurka da Birtaniya, suna rage musu gudu, suna ɗora musu kalaman unguwa, abin da ya zama Kwaito. Afirka ta Kudu ta riƙe House mai taushi da fiyano fiye da yadda Amurka kanta ta riƙe shi, har Black Coffee ya ci Grammy a 2022. Daga unguwannin lardin Gauteng ne Amapiano ya fito a shekarun 2010, sunan kuma a harshen Zulu yana nufin fiyano da yawa. Kabza De Small da DJ Maphorisa suka yaɗa shi, Davido da Asake suka shigo da shi cikin waƙoƙin Najeriya. Ba Knuckles ne ya ƙirƙiro Amapiano ba, amma dogon buɗewar da waƙoƙinsa ke yi kafin babbar ganga ta sauka ɗabi'a ce da ya taimaka wajen koya wa masu rawa haƙurin jurewa.

Blind, da abin da ya rage

Farkon shekarun 2000 bai yi masa daɗi ba. Salon ya koma mai sauri da ƙara, kamfanoni suka rage kira, ciwon suga kuma ya kama shi. Amma birninsa na riƙo ya tuna da shi. Ranar 25 ga Agusta, 2004, aka sa wa sashen titin da Warehouse yake suna Frankie Knuckles Way, kuma cikin waɗanda suka taimaka aka cimma hakan akwai wani ɗan majalisar dattawan jihar Illinois da ba a san shi sosai a waje ba tukuna, Barack Obama.

A 2008, shekarar da aka yanke masa ƙafa ɗaya, lokacin da da yawa suka ɗauka ya ajiye sana'a, ya yi wa Blind ta ƙungiyar Hercules and Love Affair sabon zubi. Asalin waƙar disko ne mai cunkoson kayan kiɗa. Ya sassauta cunkoson, ya shimfiɗa dogayen sautuka, ya bar muryar Antony Hegarty mai rawar makoki ta tsaya a fili. Yaran da ba a haife su ba lokacin Warehouse suka fara neman sunansa. Daga nan ya dawo aiki tare da Eric Kupper a ƙarƙashin sunan Director's Cut, ya ci gaba da yawon duniya har zuwa ƙarshe. Ya rasu a Shikago ranar 31 ga Maris, 2014, yana da shekara 59. Obama, wanda a lokacin yake Fadar White House, ya aika da wasiƙar ta'aziyya tare da matarsa Michelle.

Duk ayyukan da aka ambata a sama ana samun su a intanet cikin daƙiƙu. Abin da ya yi wuyar samu shi ne ainihin aikin da ya sa aka kare ginin, wato dogayen dararen da yake jera waƙa bayan waƙa yana karanta fuskokin jama'a. Ba a yi su domin a adana ba. Abin da ya tsira kaset-kaset ne da masoya suka naɗa daga gidajen rawa da rediyon Shikago, masu ƙaiƙayi da yankewa, sai kuma na baya-bayan nan kamar wasan da ya yi wa Boiler Room a New York a 2013, inda ake ganin dattijo mai fara'a yana rera waƙoƙin tare da jama'a. A 2000 ya tattara wasu daga cikin tsofaffin waƙoƙin da ya fi so a wani kundi mai suna Choice, wanda kamfanin Azuli na Landan ya fitar.

Faya-fayansa kuwa, kimanin 5,000, suna ajiye a Stony Island Arts Bank da ke kudancin Shikago, wani tsohon ginin banki na 1923 da ya kusa rushewa, wanda mai fasaha Theaster Gates ya saya daga hukumar birnin a kan dala ɗaya, ya gyara, ya buɗe a 2015. Ba a kulle su a gilashi ba. Akan gayyaci masu sana'ar su zaro daga cikinsu su saka wa jama'a.